Hancin da ba ya buɗewa da gajiyar da ba ta ƙarewa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu, in da hali kuma a miƙa maganar ga masu kula da shafin lafiya. Kullum muna karanta bayani kan hawan jini da suga da maleriya kuma wallahi muna ƙaruwa, amma akwai wata lalura da take wahalar da mutanenmu a nan Legas wadda ni dai ban taɓa cin karo da bayaninta da Hausa ba, wato karkacewar bangon da ya raba kafofin hanci biyu. Mai ita zai yi shekaru yana shan maganin mura, yana fama da gajiya da kasala da ɓacin rai, a kira shi raggo a kira shi mai baƙar zuciya, alhali matsalar tana nan zaune a tsakiyar fuskarsa ba wanda ya taɓa haska fitila ya duba.

Bangon nan da nake magana, gabansa guringuntsi ne, wanda in ka taɓa da yatsa za ka ji yana motsi, can ciki kuma ƙashi ne siriri. Ya kamata ya tsaya a tsakiya ya raba hanyar iska gida biyu daidai, to amma likitoci sun ce kusan mutum 80 cikin 100 nasu ya ɗan kauce, sai dai yawancinsu ba sa jin komai har su koma ga Allah ba su sani ba, kuma su babu ruwansu da magani. Waɗanda nake nufi su ne wanda nasu ya karkace sosai har ya matse kafa ɗaya. Abun kaman babban titi ne mai hannu biyu a rufe hannu ɗaya, duk motocin su dawo ɗayan, kowa a garin nan ya san abin da zai biyo baya. Sannan ɓangaren da ya samu fili shi ma naman cikinsa yakan ƙara girma ya cike gurin, shi ya sa wani zai ce maka ai ni duka biyun ne a toshe.

Wasu da shi aka haife su, ko ya karkace a hankali lokacin da fuska take girma. Amma mu nan abin da ya fi yawa a idona shi ne buguwa. Ka duba sana'o'in da yaranmu suke yi a Ikko: acaɓa, keke, dako a Mile 12, lodin tirela a Apapa, kama shanu a kwata, ga 'yan ƙwallo ga 'yan dambe ga faɗan tasha. Tun kafin gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022 ta ƙara wasu 4 a Satumba, Allah kaɗai ya san yawan samarin da suka kifa da fuska a kan kwalta, aka wanke jinin a kemis aka manna filasta, kumburi ya sace kowa ya ce Alhamdulillahi ai abin ya zo da sauƙi. Daga waje hancin ba laifi, wani ma ba za ka ga alamar komai ba, amma ciki ya riga ya kwanta gefe guda kuma a haka zai warke.

Haka ta faru da ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya faɗi da mashin da daddare fuskarsa ta daki kan mashin ɗin, aka yi abin da aka saba, ya koma aiki. Abin da ya fara lura da shi wajen alwala ne, in ya zo shaƙa ruwa sai ya ji ta dama kaɗai ruwan yake hawa, ta hagu kaman an liƙe, in ya fyace ma haka. Daga nan kwanciya ta canza, yaron da ya saba kwanciya a kan damansa tun yana ƙarami ya koma ba ya iyawa, sabida kafar da ke ƙasa ita ce take cika in mutum ya kwanta, shi kuma ta daman ce kaɗai mai aiki, da ya juya sai ya ji numfashi ya tsaya ya farka. Baki a buɗe yake kwana. Kullum akwai ledar fiya wata biyu a gefen filonsa don cikin dare maƙogwaro yakan bushe ƙamas har haɗiyar yawu ta gagara. Minsharinsa kuwa sai da abokan ɗakinsa suka gaji, ka san yadda ɗakunan haya suke a Agege mutum biyar mutum shida, ya kwashe tabarmarsa ya koma baranda cikin sauro.

Sauran alamun da mai wannan lalura yake gani, kafa ɗaya ce kullum take toshewa ba ta canzawa, in mura ta zo ko hunturu ya busa abin ya ninka, haɓo akai-akai don iska tana busar da gurin da ya karkace fatar ta tsage, nauyi ko ciwo a fuska gefe ɗaya, ciwon kai da safe, majina tana gangarawa ta baya zuwa maƙogwaro, ciwon kogon fuska, wato kumburin kogunan iska da ke cikin ƙashin fuska kusa da hanci, da ke tafiya yana dawowa, wani har jin ƙamshi ya ragu. Dama shi hanci karɓa-karɓa yake yi, wannan kafa ta ɗan kumbura ɗayar ta buɗe, bayan wasu awoyi su juya, mai lafiya ba ya ma sanin ana yi. Mai karkataccen bango shi yana sani, don in layi ya zo kan kafarsa mai kyau ta kumbura to shikenan ba ta ko'ina, sai baki.

To Malam Edita inda nake son a tsaya sosai shi ne maganar barci, don ta nan gajiya da damuwa suke shigowa. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, mu nan kuwa dama a ƙage muke, wanda zai tsallaka gada ya tashi tun kafin kiran assalatu don gudun gosulo, ya dawo bayan isha'i, ga zafi ga ƙarar janareto ga rashin wuta. Ɗan abin da ya rage ɗin ne kuma toshewar hanci take zuwa ta yayyanka. Mutum yana ta farkawa na daƙiƙu kaɗan kaɗan shi bai ma sani ba, barcin ba ya nisa, da safe ya tashi kaman wanda aka yi wa duka, ya ce ai na kwanta da wuri amma jikina ba daɗi. Wasu kuma abin ya haɗu da ɗaukewar numfashi a cikin barci, za ka ji minshari ya yi ƙarfi sai tsit, sai kuma ya ja da ƙarfi kaman wanda aka shaƙe. Wannan ba abin wasa ba ne sam, yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya, kuma ko da ba hanci ne kaɗai ke kawo shi ba, ƙiba da yanayin maƙogwaro sun fi yawa a ciki, toshewar hanci tana ƙara masa ƙarfi. Ka yi tunanin direban tirela da yake kwana a haka sannan ya ɗau kaya ya hau hanyar Ibadan.

Shi ƙanin nawa da farko makara ce, yaron da shi yake tada mutane sallar asuba ya koma sai rana ta fito. Sai gyangyaɗi a gurin aiki, sai mantuwa, a aike shi abu biyu ya dawo da ɗaya. Sai saurin fushi, abu kaɗan ya hau faɗa da fasinja. Daga baya faɗan ma ya daina, ya yi shiru, ya daina zuwa majalisar mai shayi, ya daina kallon ƙwallon da yake mutuwar so, Inna ta kira daga gida ya ƙi ɗauka ya ce bai san me zai ce mata ba. Abincin ma sai an matsa masa. Mutane kuma kowa da tasa, wani ya ce sammu ne, wani ya ce ai ya fara shaye-shaye, wani ya ce yaran yanzu ne ba sa son wahala. Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi yi mini ciwo har yau, don na san irin aikin da yaron nan yake yi kafin abin ya same shi. Mutumin da bai samu barcin kirki ba wata da watanni ba raggo ba ne, jikinsa ne ya ƙare, kuma in aka ci gaba da gaya masa shi ba komai ba ne watarana zai yarda.

Kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hanyar da samari suke bi su magance gajiyar da kansu. Na farko a je kemis a ce maleriya ce da taifod, a sha magani a yi allura, bayan sati uku a sake. Na biyu lemon ƙara kuzari gwangwani kan gwangwani da kofi mai kauri da goro har dare, wanda shi kansa yake hana barcin. Na uku, wanda shi ne masifar, wani aboki ya miƙo tiramol ya ce sha ka ji ƙarfi, da daddare kuma a nemi ƙwayar barci. Alhali ƙwayoyin barci da masu kama da tiramol suna ƙara danne numfashi a cikin barci, wato wanda dama yake fama da iska an ƙara masa wani nauyin. Yaro ya fara da neman ƙarfin aiki ya ƙare a wani hali daban.

Ban ce duk mai ciwon damuwa hancinsa ne ba, kar a fahimce ni haka. Damuwa ciwo ne mai zaman kansa, yana da dalilai da yawa, gado, rashi, bashi, kaɗaici, zaman baƙunta nesa da iyali wanda mu nan mun san shi sarai. Gajiya ma haka, ƙarancin jini yana kawo ta, suga yana kawo ta, tarin fuka da ciwon hanta da sauransu, shi ya sa gwajin jini yake da muhimmanci. Akwai wani babban bincike da aka yi a Koriya ta Kudu da bayanan inshorar lafiyar ƙasar, aka ga masu karkataccen bangon hanci sun fi sauran mutane yawan samun damuwa da fargaba da ciwon ɓarin kai. Wannan ya nuna abubuwan suna tafiya tare, bai nuna cewa da an gyara hanci damuwa za ta tafi ba. Abin da nake cewa kawai, in mutum ya haɗa ukun nan, hanci ɗaya a toshe kullum, barci ba daɗi, rai a ɓace, to a duba duka ukun, kar a ɗauki ɗaya a bar biyu. In kuma baƙin cikin ya wuce sati 2 kusan kullum, ba ya jin daɗin komai, to wannan kansa ya isa a ga likita ko hanci lafiya lau yake. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta kuwa ba a jira, a ranar za a kai shi, kar a bar shi shi kaɗai. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana nan tun 1907, kuma ba sai wanda ya tuɓe a titi ake kaiwa ba, mutane suna zuwa da ƙafarsu su ga likita su koma gida. Addu'a muna yi kuma ba za mu daina ba, amma neman magani ai shi ma umarni ne.

Sai maganin ɗigawa ko fesawa a hanci, wanda kusan duk mai wannan matsala yana da shi a aljihu. Irin mai buɗe hanci nan take, in ka duba jikin kwalbar za ka ga sinadarin zailometazolin ko oksimetazolin. Minti kaɗan hanci ya buɗe mutum ya ji kaman an sake haifarsa, to amma an yi shi ne don 'yan kwanaki, 3 zuwa 7 ya danganta da irinsa, a rubuce yake a takardar ciki. In aka zarce sai hanci ya saba, da ƙarfin maganin ya sauka sai kumburin ya dawo fiye da da, sai a ƙara fesawa, daga sau biyu a rana ya koma kowane awa biyu, na san mutanen da ba sa iya fita daga gida ba da shi ba. Masu kemis dan Allah ku riƙa tambaya, in mutum ɗaya yana zuwa sayen kwalba duk sati ku gaya masa gaskiya ya je asibiti, cinikin kwalba ɗaya bai kai lafiyar ɗan uwanka ba. Akwai wani na fesawa daban da likita yake rubutawa mai rage kumburi a hankali, shi sai an yi sati ɗaya ko biyu ana amfani da shi kafin a ji daɗinsa, da ruwan gishiri na wanke hanci, da maganin borin jini ga wanda ƙura ko hayaƙi ke tayar masa. Waɗannan suna taimakon mutane da yawa sosai, musamman da yake hayaƙin janareto da maganin sauro na kunnawa a ɗaki rufe da danshin damina duk suna ƙara kumbura hanci. Sai dai babu maganin sha ko na fesawa ko hayaƙin gargajiya da zai miƙar da ƙashin da ya karkace.

Wanda ya kamata a gani shi ne likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a ƙofarsu za ka ga an rubuta ENT. Akwai su a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, da ke Idi-Araba, unguwar da mutanenmu suke cike, akwai a asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, wato LASUTH, da ke Ikeja, wanda yake Arewa kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Galibi sai ka fara ganin likitan farko ya rubuta maka takardar turawa. Dubawar ba wani abin tsoro ba ce, fitila ce da ɗan ƙarfen buɗa hanci, wani lokaci a zura siririn bututu mai kyamara, in da buƙata a yi hoto. A nan ne za a gane ko bangon ne ko tsiro ne ko kumburin borin jini ne, don duk suna kama da juna ga mu da ba likitoci ba. Kuma wannan ya sa bai kamata a zauna a gida ana hasashe ba, babban mutum da hancinsa ɗaya ya toshe sabo-sabo yana fitar da majina da jini yana buƙatar a duba shi da wuri, yaro ƙarami mai fitar da majina mai wari ta kafa ɗaya kuwa sau da yawa wani abu ya cusa, ƙwayar wake ko dutsen ado ko guntun soso.

In magani bai yi ba sai tiyata. Ta cikin kafar hanci ake yi ba a tsaga fuska, a gyara guringuntsin a cire inda ya yi ƙwari a mayar da bangon tsakiya, yawanci minti 30 zuwa 90, da yawa ranar suke komawa gida ko washegari. Yara ba a cika yi musu ba sai fuska ta gama girma. A 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan manya 378 a asibitoci 17, rabi aka yi musu aikin rabi aka ba su maganin fesawa da ruwan gishiri, bayan wata 6 waɗanda aka yi wa aikin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Amma tiyata tiyata ce, ana iya zubar jini, ana iya samun huji a bangon, wani kuma toshewar ba ta tafiya duka, kuma mai ɗaukewar numfashi a barci sau da yawa yana buƙatar wani maganin bayan wannan. Ƙanina an yi masa a wani asibitin gwamnati bayan jira mai tsawo da karo-karon 'yan uwa. Satin farko ya sha wuya, hanci a cushe ba fyacewa ba ɗaukar kaya. Da ya warke barci ya dawo, minshari ya ragu ƙwarai, ya koma tashi asuba. Amma zuciyar ba ta dawo tare da hancin ba, sai da ya yi watanni yana ganin likitan damuwa kafin muka sake jin dariyarsa, shi ya sa nake nanata cewa a duba duka.

Abu biyu kuma a gurguje. Wanda ya bugu a hanci yau, kar ya tsaya a filasta, in ƙashi ya goce an fi iya mayar da shi cikin sati 2 na farko kafin ya kama, in kuma aka ga wani kumburi mai laushi a jikin bangon daga ciki to jini ne ya taru, a ranar ake son a zuƙe shi in ba haka ba guringuntsin yana iya lalacewa hanci ya lotsa. Mai haɓo kuma ya daina ɗaga kai sama jini yana bi ta maƙogwaro, ya zauna ya ɗan sunkuya gaba ya matse gurin mai laushi minti 10 zuwa 15 ba sakewa, in ya ƙi tsayawa a tafi asibiti.

Roƙona ga sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin direbobi da limamanmu, babban abin da ke hana yaranmu zuwa asibiti a Legas bayan kuɗi shi ne harshe. Yaro ya zo daga ƙauye ba Turanci ba Yarabanci, ya sha layi tun safe, in ya shiga gaban likita abin da zai iya cewa kawai kata da hedek, wato mura da ciwon kai da Turanci, a rubuta masa maganin mura ya fito. A samu masu rakiya mana, ko ɗalibanmu da ke karatun lafiya, wanda zai tsaya ya faɗa wa likita cewa kafa ɗaya ce, tun lokaci kaza, ya taɓa buguwa, da baki yake kwana, yana minshari, yana fesa magani kaza sau kaza a rana, kuma ransa a ɓace yake. A kuma wayar wa mutane da kai kan inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, su je su tambaya da bakinsu me ta ɗauka me ba ta ɗauka ba kafin ciwo ya zo.

Kai kuma Malam Edita, dan Allah a gayyato mana likitan hanci mai jin Hausa a shafin lafiya ko sau ɗaya ne, a ba masu karatu dama su turo tambayoyi, musamman kan kuɗin aikin a asibitocin gwamnati da tsawon jiran layi da kuma yadda wanda ya saba da maganin fesawa zai rabu da shi.

Wassalam,
Naka mai karatu,
daga Agege, Legas.